Yadda Likita Zai Karɓi Bayanan Zuciya Daga Agogon Majiyyaci Ya Yi Aiki Da Su

Yanzu ba abin mamaki ba ne majiyyaci ya shigo ɗakin ganin likita, ya miƙa wayarsa ya ce, "Likita, agogona ya ce zuciyata ba ta bugawa daidai." Wani likitan sai ya yi watsi da maganar, wani kuma ya yarda da abin da agogon ya rubuta kamar sakamakon gwajin asibiti ne. Duka biyun kuskure ne, domin abin da ya kamata likita ya nema shi ne ainihin zanen bugun zuciyar da na'urar ta ɗauka, ya karanta shi da idonsa, ba hukuncin da manhaja ta yanke ba.

Kafin a taɓa wayar ma, a fara tantance irin na'urar da kuma irin awon da ta yi, saboda awo iri biyu ne da ake yawan cakuɗa su. Na farko shi ne awon haske: ƙananan fitilu masu koren haske da ke bayan agogon suna haska fata, na'urar kuma tana lura da yadda jini ke ƙaruwa da raguwa a wuyan hannu, daga nan ta ƙiyasta yawan bugu a minti ɗaya. Wannan ba ECG ba ne, wato zanen lantarkin da ke sa zuciya bugawa, domin ba ya nuna lantarkin zuciya. Na biyu shi ne ECG mai layi ɗaya, wato mai duban zuciya daga kusurwa ɗaya tak, wanda Apple Watch ya fara zuwa da shi a samfurin Series 4 a shekarar 2018, bayan FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi, daga baya kuma Samsung da Fitbit suka fitar da nasu. Akwai kuma KardiaMobile na kamfanin AliveCor, wata 'yar na'ura da ake ɗora yatsu a kanta, wadda take da samfuri mai layi 6. Agogunan araha da suka cika kasuwa, waɗanda ke nuna zane mai kama da ECG ba tare da wata hukuma ta tantance su ba, bai kamata a gina wata shawara ta magani a kan abin da suka nuna ba.

Fitar da bayanan ba shi da wuya. A iPhone, majiyyaci zai buɗe manhajar Health, ya shiga sashen zuciya, ya zaɓi awon ECG ɗin da ake so, sannan ya danna wurin fitar da shi a matsayin takardar PDF domin likita. Takardar tana ɗauke da zanen daƙiƙa 30, da rana da lokacin da aka ɗauka, da alamomin da majiyyacin ya shigar, kuma an tsara ta a ma'aunin da likitoci suka saba da shi, wato milimita 25 a daƙiƙa da milimita 10 a kowane milibolt. Manhajojin Samsung da Fitbit da Kardia su ma suna fitar da irin wannan takarda. Hoton allon waya da aka turo ta WhatsApp ba ya maye gurbinta, domin sau da yawa yana yanke zanen ya kuma ɓata ma'aunin. Wanda ke son yin nazari mai zurfi zai iya fitar da dukkan bayanan lafiya daga iPhone a dunƙule, inda zai tarar da babban fayil na XML da kuma fayilolin CSV na kowane ECG, sai dai wannan ya fi amfanar mai bincike fiye da likitan da layin marasa lafiya ke jiransa a bakin ƙofa.

Idan zanen da aka kawo bai fito da kyau ba, ya fi sauƙi a sake ɗauka nan take. A zaunar da majiyyaci, ya ɗora hannayensa a kan tebur, agogon ya kama wuyan hannu sosai, ya sa yatsan ɗaya hannun a wurin da aka tanada don awon (a agogon Apple, maɓallin gefe da ake murzawa), ya yi shiru har daƙiƙa 30 su cika. Fata ta kasance a bushe, don haka wanda ya fito daga alwala ko yake gumi sai ya goge hannu tukuna. A kuma duba ko hannun da aka saita a cikin agogon shi ne wanda aka ɗaura shi a kai, domin idan an saita hagu aka ɗaura a dama zanen yana iya fitowa a kife, har ya tayar da hankalin mai karatu ba gaira ba dalili.

Wajen karatu, a fara da ingancin zanen, a ga ko layin tushe a natse yake ko yana rawa saboda motsi ko karkarwar hannu. Daga nan a dubi tazarar da ke tsakanin tsinin R (dogon tsinin da kowane bugu ke yi a zanen) da mai bi masa, a nemi ƙaramin tudun P (alamar bugun ɗakunan saman zuciya) kafin kowane QRS (alamar bugun ɗakunan ƙasa, wadda tsinin R ke cikinta), a kuma auna faɗin QRS ɗin. Cutar da waɗannan na'urori suka fi nema ita ce AF, wadda a cikinta ɗakunan saman zuciya ke karkarwa maimakon su buga a tsare, kuma alamarta ita ce tazara marar ƙa'ida tare da ɓacewar tudun P. A nan ne manhaja ta fi yin tuntuɓe, saboda bugun da ke riga lokacinsa, ko sauyin bugu da ke bin numfashi a jikin matasa, suna iya sa ta ce AF alhali ba shi ba ne. Haka nan idan bugu ya gaza 50 a minti ko ya yi sauri ƙwarai, agogon Apple ba ya iya rarrabewa, kuma ba a yi manhajar don 'yan ƙasa da shekara 22 ba.

Saƙon gargaɗi da ya fito daga awon haske kaɗai ya fi wannan rauni. A binciken da Jami'ar Stanford ta yi da agogon Apple, wanda aka wallafa a 2019, mutum fiye da 419,000 suka shiga, kusan kashi 0.5 cikin ɗari suka sami gargaɗi, kuma cikin mutum 450 da suka sa na'urar ECG ta liƙawa a ƙirji daga baya, kashi 34 cikin ɗari ne aka ga AF a jikinsu. Wannan ba ya nufin sauran duk ƙarya agogon ya yi musu, tunda AF kan zo ya tafi, amma ya isa ya nuna cewa gargaɗi dalili ne na yin gwaji, ba dalilin fara magani ba. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2020 sun ce ana tabbatar da AF ne da ECG mai layi 12, ko da zanen layi ɗaya na aƙalla daƙiƙa 30 wanda likita ya karanta. Idan alamun suna zuwa jefi-jefi, sai a sa wa majiyyaci na'urar Holter, wadda ake ɗaura masa tana ɗaukar ECG ba tsayawa, ta awa 24 ko fiye.

Alƙaluman bugu na yau da kullum kuwa, amfaninsu yana cikin yadda suke tafiya a tsawon makonni, ba lamba ɗaya tilo ba. Bugun hutu da ya tashi daga 65 zuwa 90 ya zauna a haka ya cancanci a tambayi zazzaɓi, ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo ko sabon magani, amma lamba 180 da ta bayyana sau ɗaya yayin da mutum ke kan babur a hanya mai gargada, motsi ne ya fi yiwuwa ya jawo ta. Kada a kwatanta awon sauyin tazarar bugu na kamfanoni daban-daban, domin Apple da Fitbit ba da lissafi ɗaya suke fitar da shi ba. Awon iskar oksijin ma a yi hattara da shi: binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna cewa ko na'urar yatsa ta asibiti ta fi kasa gano ƙarancin iska a masu baƙar fata.

Idan an tabbatar da AF, sai a koma ga aikin asibiti da aka sani, a auna haɗarin shanyewar ɓarin jiki bisa shekaru, hawan jini, ciwon suga da gazawar zuciya, kafin a yi maganar maganin tsinka jini. A yankinmu, inda cutar da ke lalata ƙyauren zuciya bayan ciwon maƙogwaro na yarinta ba ta ƙaranta ba, hoton zuciya na eko, wanda ake ɗauka da sauti, ya zama dole, saboda wanda ƙyauren mitral ɗinsa (na ɓangaren hagu na zuciya) ya tsuke, warfarin ake ba shi cikin magungunan tsinka jini. A kuma jaddada wa majiyyaci cewa agogo ba ya gano toshewar jijiyoyin zuciya, don haka mai ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ko suma ya garzaya asibiti ko da agogon ya ce komai lafiya.

Takardar PDF ɗin a saka ta cikin fayil ɗin majiyyaci tare da sunan na'urar, ranar awo da fassarar likitan da ya karanta. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kulawa ta musamman, saboda haka a nemi izinin majiyyaci kafin a tura wa wani abokin aiki zanen, a kuma goge shi daga wayar likita da zarar ya shiga fayil.