Yadda Za Ku Kafa Majalisar Karatun Ƙagaggun Labarai Ta Kuma Ɗore

Majalisar karatu ba ta buƙatar jari. Mutum takwas zuwa goma sha biyu, tabarma ko benci, da littafi ɗaya da kowa ya yi alkawarin karantawa kafin ranar zama, shi ke nan. In kuka haura sha biyu, masu baki biyu ko uku za su cinye hirar, sauran su koma 'yan kallo. In kuka gaza shida, duk ranar da mutum biyu suka tafi biki zama ya watse. Mu a Zariya muna haɗuwa ranar Asabar ta ƙarshen wata, daga bayan La'asar zuwa Magariba, a wani aji da mai makaranta ya ba mu aro. Ina ba ku shawarar wannan lokaci domin yana da iyakar da ba mai jayayya da ita: ladan na ɗaga murya, an tashi. Matan aure da ke cikinmu suna isa gida a kan lokaci, wannan kuwa ya sauƙaƙa musu zuwa ƙwarai.

Kada ku fara da littafi mai kauri. Ku fara da siririn da ma'aikaci zai gama a dare biyu ko uku, kuma irinsu muna da su tun tuni. A 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yawancinmu mun karanta su a makaranta don jarrabawa, muka haddace sunayen taurari da jigo, muka wuce. Karanta su a matsayin babba, ba malami a kanka, wani abu ne daban.

Dabarar da ta fi yi mana amfani ita ce haɗa littattafai bibbiyu. Wata guda ku ɗauki labarin da ƙafarsa ke kan ƙasa, wata mai bi ku ɗauki wanda ya tsallake iyakar abin da ido ya saba gani. Misali, ku karanta Shaihu Umar, inda aka raba yaro da mahaifiyarsa, bauta ta kai shi ƙetaren Sahara, uwar ta bi sawunsa tana nema. Sai ku biyo da Ganɗoki, wanda ya soma da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa da suka faru da gaske, sannan ya zarce da jaruminsa ƙasashen aljanu, ya dawo da shi gida ya iske zamani ya juya. A zama na biyu tambaya za ta taso da kanta: me ya sa marubuci ɗaya ya tsaya cikin duniyar da muka sani, ɗayan kuma ya ga sai ya fita daga cikinta kafin ya iya faɗin abin da ke ransa game da faɗuwar ƙasarsa? Wannan tambaya ita kaɗai takan cinye mana zama guda. In kun kai ga labarin kimiyya, ku nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da 'yan Amurka suka sauka a duniyar wata. Yaro ne a ciki ya yi tafiya sararin samaniya tare da baƙo daga sama. Matasan da suke zaton sai a finafinan waje ake irin wannan tunani sukan yi mamakin ganin shekarar.

Maganar kuɗi ku gama ta tun zaman farko. Ku yi karo-karo kowane wata, ku naɗa ma'aji, a sayi kwafi uku ko huɗu su riƙa zagayawa hannu zuwa hannu, kowa da ranar da zai miƙa wa na gaba. In marubucin yana raye kuma littafinsa na kasuwa, kada ku yarda wani ya jefo kwafin sata a zauren WhatsApp ɗinku. Ina jin zafin wannan abu sosai. Mutum ya hana idonsa barci ya rubuta, ya ci bashi ya buga, sai masu cewa suna son adabi su zama na farkon hana shi cin guminsa.

Yanzu ga inda majalisu da yawa ke mutuwa, wato yadda ake tafiyar da hirar kanta.

Ku hana maimaita labari. Kowa ya karanta, don haka in Ruwan Bagaja ake tattaunawa, duk wanda ya soma da "to, da farko dai Alhaji Imam ya bar gida" sai mai jan zama ya tare shi cikin ladabi: "Malam, mun san ya tafi. Gaya mana inda ka tsaya ka ajiye littafin ka yi tunani." Ku sa kowa ya zo da shafi ɗaya da ya yi wa alama, ya karanta shi da ƙarfi. Hausar waɗannan littattafai kunne aka rubuta wa ita, kuma karatu a bayyane yana jawo wanda bokonsa bai yi nisa ba ya shiga hira a matsayin cikakken ɗan majalisa.

Abu na biyu ya fi wuya, domin ya saɓa wa yadda aka rene mu. Ku ɗage tambayar "wane darasi muka koya?" zuwa minti goma na ƙarshe, ko ku bar ta gaba ɗaya. Da zarar wani ya ce darasin shi ne haƙuri, kowa ya gyaɗa kai, hira ta ƙare, don ba wanda zai tashi ya ce haƙuri ba shi da kyau. Amma ku tambaya: tsakanin Alhaji Imam, mai ba da labarin Ruwan Bagaja, da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, wa ya fi cutar wani, kuma me ya sa muke goyon bayan wanda ke ba da labarin? Nan take za ku ga ɗaki ya rabu biyu. Mai ba da labari da bakinsa yana da damar wanke kansa, kuma ranar da 'yan majalisa suka soma zarginsa, ranar suka fara karatu na gaske.

Ga labaran al'ajabi da na kimiyya, akwai tambayoyi biyu da nake komawa gare su kullum. Wace doka ce ke tafiyar da wannan duniyar da aka ƙaga? Sannan wa ke ɗanɗana kuɗarta? In akwai zoben da ke biyan buƙata, me yake karɓa daga mai shi? In akwai garin da ba a mutuwa, ina ake kai tsofaffi, wa ke gadon sarauta, me saurayi ke jira? Marubucin kirki yakan kafa doka ya tsaya a kanta ko da za ta halaka jaruminsa. Rago kuwa yakan karya ta a shafin ƙarshe don ya kuɓutar da shi. Ku koya wa juna gane bambancin, domin da shi za ku iya auna kowane labari, daga tatsuniyar Gizo har zuwa littattafan yaƙi da ake sayarwa a kasuwannin Kano.

Ku shirya wa mai cewa "ai wannan duk ƙarya ce." Zai zo, kuma sau da yawa mutumin kirki ne da ke gudun ɓata lokaci ko taɓa imaninsa, musamman in labarin ya shafi aljanu ko tsafi. Kada a yi masa dariya. Wani dattijo a cikinmu ya taɓa faɗar haka, sai wata malamar firamare ta amsa masa: "Baba, da kakarmu ta ce ga ta nan ga ta nanku, ba wanda ta yaudara, duk mun san inda za ta kai mu." Ya yi shiru, sannan ya ce a ci gaba. Ƙagaggen labari bai ce a gaskata shi ba, cewa ya yi a zo a duba ɗan Adam ta wata taga. Duk da haka, in littafi ya yi wa wani nauyi a zuciya, a bar shi ya tsallake wannan watan ba tare da gori ba.

Wannan ya kawo ni ga zaman manya da yara wuri ɗaya. A al'adarmu in babba ya yanke magana, ƙarami ba ya warware ta. Don haka ku juya tsarin: mafi ƙarancin shekaru shi ke fara magana, dattawa su rufe. Ɗalibar sakandare da ta ji ra'ayin Alhaji tukuna ba za ta taɓa faɗin nata ba, amma in ita ta fara, sau da yawa Alhajin ne zai ce, "'Yata, ban lura da wannan ba." Jan zama kuma ya riƙa zagayawa, kada ya zama gadon mutum ɗaya.

Watan azumi da lokacin jarrabawa ku sassauta, ku ɗauki gajeren labari ɗaya. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta fito da gajerun labarai na mata masu yawa da za a iya saurare a tattauna a zama guda. Littafin Turanci ko fassara kuma ku jinkirta shi sai majalisa ta yi ƙarfi, kuma ko an karanta da Turanci, a yi hirar da Hausa don kada rabin ɗaki ya yi shiru.

Kafin a tashi, a tsayar da littafin wata mai zuwa da wanda zai ja zaman, ma'aji ya faɗi abin da ke asusu. Ku sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, wani ya riƙa rubuta kwanan wata, sunan littafi, da tambayar da aka kasa cimma matsaya a kanta. Da wannan tambayar za ku buɗe zama na gaba kafin a shiga sabon littafi.