Yadda ake gwajin manne don gano abin da fata ba ta jituwa da shi

Ƙaiƙayin da ke biyo bayan taɓa wani abu yana da wuyar ganewa, domin ba nan take yake fitowa ba. Mace za ta yi ƙunshi da baƙin lalle ranar Juma'a, sai ranar Lahadi hannunta ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa, ta ɗora laifin kan abincin biki, alhali mai laifin wani sinadari ne da ake kira PPD, wanda ake haɗawa a baƙin lalle da rinin gashi. Wannan jinkirin ne ya sa gwajin manne, wanda likita Josef Jadassohn ya fara a 1895, yake cin kwanaki.

Kafin ka je wurin likitan fata, ka tattara duk abin da kake zargi cikin kwalinsa na asali: man shafawa, turare, sabulu, 'yan kunne, har takalmin roba. Ka faɗa masa sana'arka, domin magini yakan kamu ta dalilin sinadarin kuromiyom da ke cikin siminti, wanda kuma ake samu a fatar da aka jeme a masana'anta, saɓanin jimar gargajiya ta bagaruwa. Ka kuma sanar da shi idan kana shan kotizon, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayi, ko kana shafa shi a gadon baya, saboda yana danne alamar da gwajin ke nema a fata, kuma wasu mayukan hasken fata suna ɗauke da shi ba tare da mai shafawa ta sani ba.

Ranar farko likita zai manna maka filasta a gadon baya, mai ɗauke da 'yan ƙananan gurabe, kowanne da ɗigon sinadari ɗaya, kamar ƙarfen nikel, kayan ƙamshi, roba da neomycin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Filastar za ta zauna awa 48 ba tare da ta jiƙe ba, kuma a nan ne wahalar take ga mutumin Garwa, Marwa ko Injamena. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumi kaɗai ya isa ya ɓamɓare ta, don haka in ciwon bai matsa ba, a ganina gara a bari sai lokacin hunturu. Alwala ba ta hana komai tunda ba ta kai bayan, amma wanka sai dai a goge jiki da tsumma, a bar aikin ƙarfi, a guji rana, kuma kada a sosa ko da ƙaiƙayin ya yi yawa.

Bayan kwana biyu za a cire filastar, a yi wa guraben shaida da alƙalami, a duba. Kada ka wanke shaidar, kada kuma ka ƙi komawa dubawa ta biyu a awa 72 zuwa 96, domin alamar gaskiya, wato ja da tudu da 'yan ƙuraje, sau da yawa sai a lokacin take bayyana.

Wanda likitan fata ya yi masa nisa yana iya gwada man shafawa a gida, ta hanyar shafa kaɗan a cikin damtse kusa da gwiwar hannu, safe da yamma har kwana 7. Wannan na abin da aka yi don shafawa ne kawai. Siminti, ruwan bilic da soda ƙona fata suke yi, ba a manna su a jiki da sunan gwaji.