Ɗanka ya samu lasisi a New Jersey? Kada ka cika masa mota da ƙannensa

'Yan'uwa da kuka sauka Newark da Irvington da East Orange a 'yan shekarun nan, barkanku da zuwa. Maganar da zan yi ta yaranmu ce masu shekara 17 da ke fara tuƙi, domin sau uku cikin wannan shekarar ina jin uba yana ba da labarin abin da ya taɓa faruwa da ni, kuma duk a kan kuskure ɗaya.

Samun lasisin ba shi da wuya. Yaro yana cika 16 sai ya yi awa 6 da malamin makarantar tuƙi ya karɓi takardar koyo. Ya cika 17, ya ci jarrabawar hanya, hukumar motoci ta MVC ta ba shi lasisin gwaji na shekara ɗaya. Yaranmu suna da kai, nan da nan suke wucewa.

Matsalar tana farawa ne ranar da ya shigo gida da katin. A gida mun saba: babba ya iya mota, uba ya huta. Shi zai kai ƙanne Islamiyya, shi zai ɗauko 'ya'yan maƙwabta, shi zai je cefane. To a nan dokar ta ce mai lasisin gwaji da bai kai 21 ba fasinja ɗaya tak zai ɗauka, sai fa idan mahaifi ko mahaifiya ko mai riƙonsa yana cikin motar. Waɗanda aka yafe su ne waɗanda ke ƙarƙashin kulawar direban, wato 'ya'yansa idan yana da su. Ƙanne ba sa ciki. A da ana yafe mutanen gida ɗaya, amma tun 2010 aka rufe wannan ƙofar, shi ya sa tsofaffin zuwa suke ba ku labarin da ya riga ya tsufa.

Ni ma a bakin wani dattijo na ji cewa ƙanne ba komai. Wata Asabar na dawo daga aikin dare a gajiye, na miƙa wa babban ɗana makulli na ce ya kai ƙannensa uku makarantar allo. Ko minti 10 ba a yi ba ya kira ni muryarsa na rawa. Ɗan sanda ya tsayar da shi. Bai yi gudu ba, bai tsallake danja ba. Ɗan sandan ya hango jar sitikar sabon direba a lambar mota, ya ƙirga kawuna, shi ke nan. Tarar dala 100 ce, amma ba kuɗin ne ya dame ni ba. Ƙaramar 'yata ta yi ta kuka a kujerar baya, ni kuma na taho a tasi na same su a gefen titi, yaron yana ta ba ni haƙuri a kan laifin da ni na sa shi. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Sitikar nan, ja ce ƙarama, ana manna ta a kusurwar sama ta hagu a lambar gaba da ta baya, dala 4 ake sayar da biyu. Ta zo ne da dokar da ake kira Kyleigh's Law, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Mayu 2010, da sunan wata yarinya 'yar shekara 16 da ta rasu a 2006 cikin motar da wani matashi ke tuƙawa. Amfaninta ɗaya ne: ɗan sanda ya gane daga nesa cewa sabon direba ne. Wasu iyaye sun kai ƙara suna cewa tana tona asirin yara ga miyagu, kotun ƙolin jihar ta tabbatar da dokar a 2012. Na san cikinmu akwai masu ce wa yaro ya ɓamɓare ta don kada a gane shi. Ku daina. Rashin sitikar ma tarar dala 100 ne, kuma kana koya wa ɗanka cewa doka abin zagayewa ce, a ƙasar da ake rubuta komai.

Ku dubi dalilin ma. Yaro shi kaɗai idonsa yana kan titi. Zuba masa abokai uku, wannan yana nuna masa waya, wancan yana ce masa taka mana, hankali ya rabu. Wanda ya taɓa zuwa jana'izar matashi a ƙasar nan ba ya gardama a kan wannan.

Akwai kuma hanin tuƙi daga ƙarfe 11:01 na dare zuwa 5 na asuba. Wannan yana shafarmu a goman ƙarshe na azumi. Doka ta yarda da uzurin aiki ko na addini, amma sai yaro yana riƙe da takarda mai kan wasiƙar masallaci ko wurin aikin, da sa hannun shugaba da lambar wayarsa. Limamanmu, Allah Ya saka musu, ba sa ƙin rubutawa. Sai dai ku gane: takardar ta buɗe masa dare ne kawai, ba ta ƙara masa fasinja ba. Idan zai tafi tahajjud, mutum ɗaya zai ɗauka. Amfani da waya kuwa haramun ne gare shi yana tuƙi, ko da da abin sawa a kunne ne.

Yanzu a unguwarmu mun tsara abin a tsakaninmu. Ranar Asabar iyaye ne ke karɓa-karɓa wajen kai yara Islamiyya, masu sabon lasisi kuma kowa ya ɗauki ƙane ɗaya. Idan ka iso kwanan nan kuma ɗanka ya kusa 17, ka tambaya a masallaci bayan Juma'a a saka sunanka cikin jerin.