Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sauke Fayil da Manhaja Daga Intanet

Yawancin matsalar da sabon shiga ke faɗawa ciki tana farawa ne tun daga wurin da ya ɗauko fayil ɗin. Mutum zai rubuta sunan manhaja a Google, ya latsa abin da ya fara fitowa, alhali sau da yawa na saman talla ne da aka biya kuɗi aka sa, kuma 'yan damfara kan yi amfani da wannan hanya su kafa shafi mai kama da na gaske. Gyaransa shi ne a je shafin kamfanin da ya ƙirƙiri manhajar, ko a nema a Play Store, App Store ko Microsoft Store.

Haka kuma akwai shafukan da za ka tarar da manyan maɓallan saukewa uku ko huɗu masu ƙyalli, alhali na gaskiyar ɗan ƙaramin rubutu ne a gefe. Kafin ka latsa, ka ɗora kibiyar linzami a kansa, adireshin da zai kai ka zai bayyana a ƙasan burauza.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne rashin duba ƙarshen sunan fayil. Windows kan ɓoye wannan ɓangare idan ba a sauya saitinsa ba, don haka fayil mai suna "rasit.pdf.exe" zai bayyana maka a matsayin "rasit.pdf", ka buɗe shi da zaton takarda ce, ashe manhaja ka tayar. A shiga File Explorer, wato inda ake duba fayiloli a Windows, a kunna nuna ƙarshen sunaye, sannan a riƙe cewa takarda ko hoto ba sa ƙarewa da .exe. Idan ana shakkar fayil, shafin VirusTotal yana bincika shi kyauta.

Manhajar sayarwa da aka fasa kariyarta ake rabawa kyauta kuwa, a ganina ba ta da gyara sai bari. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma duk wadda ta ce sai ka kashe kariyar ƙwayoyin cuta kafin ka girka ta, ta riga ta tona asirin kanta.

Lokacin girkawa ma a daina latsa "Next" ido rufe, domin a nan ake cusa wasu manhajojin da ba ka nema ba. A karanta kowane shafi, a cire alamar da aka riga aka sa. Sai kuma dacewa da na'ura: .apk na Android ne, .dmg na Mac, .exe da .msi kuma na Windows.