Yadda Iyaye Za Su Tantance Abin da Yara Ke Kallo a Gida

Yawancin iyaye kan sa ido a kan talabijin ɗin falo, alhali kuwa mafi yawan abin da yaro ke kallo a yau ta wayar mahaifiyarsa ko ta yayansa yake shigowa, wani lokaci ma daga katin memori da aka kai wa masu tura fina-finai a kasuwa, suka cika shi da duk abin da ya zo hannunsu. Don haka aikin farko shi ne uba ko uwa su zauna su buɗe katin nan da kansu, su duba fim ɗaya bayan ɗaya kafin ya kai ga yara.

Kada a ɗauka cewa duk katun, wato zane mai motsi, na yara ne. Akwai zane mai motsi da aka shirya musamman domin manya, mai cike da zubar da jini da kalaman batsa, kuma yaro ba zai iya bambancewa ba tunda launinsa da surarsa iri ɗaya ne da wanda ya saba gani. Haka ma fina-finan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa, domin jin harshen gida a bakin jarumi yakan sa iyaye su saki jiki, ko da labarin na ramuwar gayya ne daga farko har ƙarshe. Minti goma na kallo, a tsallaka zuwa tsakiya, sannan a leƙa ƙarshe, ya isa a gane inda fim ya dosa.

Alamomin shekaru suna taimakawa. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa a Najeriya, wadda aka kafa a 1993, tana sanya G ga abin da kowa zai iya kallo, PG ga wanda ke buƙatar babba a kusa, sai 12 da 15 da 18 gwargwadon shekaru. A dikodar DStv da GOtv akwai wurin kulle tasha da lambar sirri. A sauya lambar da ta zo da na'urar, domin yara sun fi mu saurin gano ta. A waya kuwa, a sauke YouTube Kids maimakon YouTube na manya, a kuma kashe tsarin da ke sa bidiyo ya biyo bidiyo da kansa.

Game da tsawon lokaci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Ga 'yan makaranta, a tsayar da lokaci sananne, misali bayan an dawo daga Islamiyya an gama aikin gida, a kashe da zarar an kira magariba.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne zama tare da su. Idan shirin ya ƙare, a tambayi yaro da murya mai taushi: "Auta, me ya sa wancan ya ɓoye wa mahaifiyarsa gaskiya? Da kai ne, yaya za ka yi?" Daga amsarsa za a gane abin da ya tsorata shi da abin da ya fara kwaikwayo, sannan a yanke shawarar ko shirin zai ci gaba da shigowa gidan gobe.