Yadda za a sauya wa yaro mai buƙata ta musamman makaranta ba tare da tallafinsa ya yanke ba

Idan iyali a Kumasi suka tashi daga wata unguwa zuwa wata, misali daga Aboabo zuwa Tafo, a cikin hidimar ɗaure kaya sai a manta cewa taimakon da yaro mai raunin ji ko raunin gani yake samu a aji ba zai bi shi sabuwar makaranta ba sai an ɗauke shi an kai.

Kada ku cire yaron sai kun sami gurbi a inda za shi. Ku je wurin hedimastan sabuwar makarantar tare da shi, ku faɗi lalurarsa a fili. Dokar naƙasassu ta Ghana, mai lamba 715 ta shekarar 2006, ta hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda naƙasa, sai idan gwajin hukuma ya nuna cewa makaranta ta musamman ce ta dace da shi, irin ta kurame da ke Jamasi ko ta makafi da ke Akropong.

Daga nan sai ku rubuta wa tsohuwar makaranta wasiƙa, ku bayyana ranar da yaron zai bar ta, wadda ya fi kyau ta zama ƙarshen zangon karatu. Ku karɓi takardar sauyin makaranta, da katin tarihin karatunsa, da rahoton gwajin da aka yi masa a asibitin Komfo Anokye ko a wani wuri, sannan ku ajiye na asali a gida ku miƙa kwafi. Kayan da aka ba shi aro, kamar allon rubutun makafi, a mayar da su a sa hannu, amma na'urar ji da kuka saya da kuɗinku taku ce.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne zama da malamar da ta saba da shi, domin abin da ta sani ba ya cikin kowane fayil. Ita ce ta san cewa da kunnen dama yake ji, cewa dole ya zauna a bencin gaba kusa da taga, kuma sai an dafa kafaɗarsa ya dubi bakin mai magana kafin ya gane umarni. Ku roƙe ta ta rubuta waɗannan ko da a shafi guda ne, ku damƙa wa sabon malami hannu da hannu.

Aboabo tana ƙarƙashin gundumar Asokore Mampong, Tafo kuwa tana da nata ofishin ilimi, saboda haka ku sanar da jami'in da ke kula da ilimin yara masu buƙata ta musamman a duka ofisoshin biyu.

Wasu iyaye sukan yi shiru a sabuwar makaranta don gudun surutun mutane, ko don suna ganin yaron ya samu sauƙi. Idan kuna son a dakatar da tallafin gaba ɗaya, ku nemi a sake gwada shi, a rubuta sakamakon. Sanar da sabuwar makaranta ya fi zama wajibi ga yaron da ya kusa jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, domin makarantar da ta yi masa rajista ce take sanar da hukumar jarrabawa ta WAEC cewa yana buƙatar takardar tambayoyi mai manyan haruffa ko ta rubutun makafi, kuma hedimastan da ba a gaya masa komai ba, zai yi masa rajista ne kamar sauran yara.