Yadda na gyara ƙarancin ƙwaƙwalwa a MS-DOS

Tsohuwar kwamfutarmu mai tsarin aiki na MS-DOS 6.22 na 1994 ta ƙi buɗe manhajar lissafin shago, tana cewa ƙwaƙwalwa ba ta isa ba. DOS yana gudanar da irin wannan manhaja ne cikin kilobayit 640 na farko na ƙwaƙwalwar kawai, kuma da na buga umarnin MEM /C, mai nuna abin da ke cin ƙwaƙwalwa, sai na ga direbobin linzami da na faifan CD, wato ƙananan manhajojin da ke sa waɗannan na'urori aiki, sun cinye kaso mai tsoka. Na buɗe CONFIG.SYS, fayil ɗin saitin da DOS ke karantawa idan an kunna kwamfuta, na sa HIMEM.SYS a layin farko domin EMM386.EXE ba ya tashi sai da shi (su biyun ne ke ba da damar amfani da ƙwaƙwalwar da ke sama da kilobayit 640), na ƙara NOEMS a layin EMM386.EXE don ya bar ƙarin fili a can, sannan DOS=HIGH,UMB don DOS ya yi amfani da filin. Direbobin kuwa na mayar da su wannan filin na sama ta hanyar umarnin DEVICEHIGH da LH. Da na sake kunna kwamfutar, manhajar ta buɗe lafiya lau.